Su Wa Muke Karramawa? Tsokaci Kan Masu Kai Ilimi Zaure Da Tsakar Gida

Shekara 13 ke nan da na sauka a wani ƙauye da ke yammacin ƙasar Hausa, ina rataye da rikoda da littafin rubutu, domin tattara bayanan da zan gina kundin digirina na uku a kan karin harshen yankin. Da na gaida dagaci na faɗa masa abin da ke tafe da ni, bai tsaya dogon tunani ba ya haɗa ni da yaro ya ce a kai ni wurin wata dattijuwa da kowa a garin ke kira Inna. Na yi mako shida ina zuwa ƙofar ɗakinta safe da yamma. Abin da na je nema shi ne yadda take furta kalmomi: inda Bakano zai ce “zauna” ita sai ta ce “zamna”, inda zai ce “biyar” ta ce “biyat”, inda zai ce “fari” ta ce “hwari”. Amma abin da na tarar ya zarce haka nesa ba kusa ba. Da an yi sallar isha'i ’yan mata da yara kan cika tabarmarta, ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici, ta koya musu waƙoƙin niƙa da na daɓe da waƙoƙin wa'azi da ta haddace tun tana budurwa. Ta san asalin kowane gida a garin, ta san wanda ya sari kowace gona, har na ga ranar da aka zo aka tambaye ta a kan iyakar wasu gonaki biyu, aka kuma tsaya a kan abin da ta faɗa.

Ranar da zan yi mata sallama na kai mata turmin atamfa da sabulu da goro. Ta yi godiya ta sa albarka, sannan ta dube ni ta ce, “To Malam, in ka kai maganata birni, wa za ka ce yah hwaɗa maka?” Na yi dariya na ce ai ita zan ce. Sai dai kash, idan mai karatu ya buɗe kundin nan a yau, abin da zai gani a madadin sunanta shi ne: mai ba da bayani ta 4, mace, kimanin shekara 75. Da wannan kundi aka kira ni Dakta, da shi aka ƙara mini girma a wurin aiki. Da na koma garin bayan shekara uku na tarar ta riga mu gidan gaskiya, jikokinta kuma suka tambaye ni ko na zo musu da muryarta da na naɗa. Ban zo da ita ba, domin ko kaɗan tunanin hakan bai zo mini ba.

Na fara da wannan labari ne duk da cewa bai yi mini daɗin faɗa ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da nake son mu tattauna a wannan fili shi ne matsayin irin su Inna a wurinmu, wato mutanen da ke ɗaukar ilimin harshe da adabi da tarihi da al'ada da hikimar zaman duniya su shigar da shi cikin rayuwar jama'a ta yau da kullum. A jami'a mukan tara waɗannan fannoni a tsangaya guda mu kira su ilmomin sanin ɗan Adam, domin su ne ke koya wa mutum ko shi wane ne, daga ina ya fito, da yadda zai zauna da waninsa. Mu malaman jami'a nazarinsu muke yi. Masu raya su kuwa suna zaure da tsakar gida da kasuwa da gidajen rediyo, kuma ra'ayina shi ne mun daɗe muna cin moriyarsu ba tare da mun ba su girman da ya dace da su ba, alhali muna da yadda ake yin hakan a cikin tarihinmu.

Kura da shan bugu

Wannan ɗabi'a ta girmi kundina da fiye da shekara ɗari. Duk ɗalibin Hausa ya san sunan J. F. Schon, Bajamushen da ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876 da littafin Magana Hausa a 1885. Kaɗan ne suka san cewa babban tushen Hausar da ke cikin waɗannan ayyuka wani yaro ne ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama bauta yana ƙarami aka kai shi Kukawa. A can wani Bature matafiyi mai suna Overweg ya ’yanta shi, daga baya ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tambutu, sannan ya isa Ingila tare da shi a 1855. A gidan Schon ya zauna yana ba da labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, Bature na rubutawa. A 1877 aka ba Schon lambar Volney ta ƙasar Faransa, wadda ake ba masana harshe, saboda aikinsa a kan Hausa. Gaskiya ne Schon bai ɓoye sunan Dorugu ba, to amma lambar ta tafi inda ta tafi. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano yana taimakawa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, ya rasu a 1912. A ajin da nake koyarwa, idan na tambayi ɗalibai wane ne Dorugu, da wuya hannu biyu su tashi.

Haka abin ya ci gaba. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, mai juzu'i uku, wanda aka buga tsakanin 1911 da 1913, sunan Frank Edgar ke bangonsa, amma malaman ƙasar nan ne suka zauna suka rubuta abin da ke ciki da ajami, kuma yawancinsu sai mai bincike ne zai iya kawo sunansu. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da R. S. Rattray ya fitar a 1913, wani malami mai suna Malam Shaihu ne ya rubuta masa shi da ajami a ƙasar da a yau ake kira Ghana. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda har gobe muke komawa gare shi idan kalma ta shige mana duhu, bai haɗu ba sai da malamai da dattawa na garuruwa daban-daban suka yi ta zama da shi shekara da shekaru suna warware masa ma'anoni. Inda aka ɗan yi adalci shi ne littafin Baba ta Karo na 1954, domin Mary Smith ta sa sunan dattijuwar a kan littafin, kasancewar rayuwarta ce da bakinta, ko da yake Baba ta rasu a 1951 ba ta ga littafin ba.

Ba na kawo waɗannan misalai don in zargi Turawa in wanke kaina. Su baƙi ne, sun yi aikinsu da ƙa'idar zamaninsu, kuma ba don su ba da yawa daga abin da muke karantawa ya salwanta. Abin takaicin shi ne mu ’yan gida da muka gaje su mun gaji har da wannan ɗabi'a, mun kuma ƙawata ta da sunan ƙa'idar bincike. Ƙa'idar sakaya sunan wanda aka yi hira da shi an kafa ta ne domin kare mutum daga cutarwa, kamar wanda ya faɗi sirrin rashin lafiyarsa ko ya soki mai mulki. Wace cutarwa ce za ta sami tsohuwa don an ce ita ta ba da tatsuniya? Hasali ma ita da kanta ta nemi a ambace ta.

Malfar Nana Asma'u

Idan muka waiwaya baya za mu ga magabatanmu sun fi mu sanin darajar mai kai ilimi ga jama'a. Nana Asma'u ’yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ta fahimci cewa waƙar da ke kwance a takarda a Sakkwato ba za ta amfani matar da ke ƙauye ba sai an sami mai kai mata. Saboda haka ta kafa tsarin da aka sani da ’Yan Taru. Daga kowane gari akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji, ita za ta jagoranci mata zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin da ke ɗauke da karatu da tarihi da ladubban zama, su koma su koyar da na gida. Abin lura a nan shi ne yadda Nana ta karrama waɗannan mata. Takan naɗa wa jaji malfa da jan rawani, alamar da kowa zai gani ya san wannan mata tana da matsayi. Masu bincike irin su Jean Boyd sun nuna cewa malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori, sai Nana ta ɗauke ta ta ɗora a kan mai koyarwa. Ma'ana, ta ɗauki alamar girma mafi ƙarfi da matan yankin suka sani ta ba wadda ke yawo da ilimi ƙauye-ƙauye, tana raye, a gaban mutanen da take yi wa aiki.

A zamanin boko ma an taɓa yin abin kirki. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan ga Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Gasa guda ta buɗe ƙofar ƙagaggen labari a Hausar boko, ta kuma nuna wa hukuma Abubakar Imam, wanda ya zo ya rubuta Magana Jari Ce ya kuma riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga fitowarta a 1939. Wannan ya isa hujja cewa karramawa, idan an yi ta da gaskiya, takan haifar da sabon aiki.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma ta kafa tarihi a wannan fage. A 1977 ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa, Bagwariya maginiyar tukwane wadda ba ta yi karatun boko ba, wadda kuma a 1980 ta sami lambar yabo mafi girma da Nijeriya ke ba masana, hotonta kuma ya hau bayan takardar Naira 20. Jami'ar ta ba Aliyu Namangi irin wannan digiri, makahon da waƙoƙinsa na Imfiraji suka shiga kowane lungu ta bakin almajirai da makafi masu bara. A 1988 ta ba Alhaji Mamman Shata Katsina, shi ya sa har ya rasu a 1999 ana ce masa Dakta. Jami'ar Jos ta yi wa Ɗanmaraya haka. Sannan akwai irin hidimar da Ɗalhatu Muhammad ya yi wa Aƙilu Aliyu, inda ya tattara waƙoƙinsa aka buga su a 1977 da sunan Fasaha Aƙiliya, malamin jami'a ya yi aikin, sunan mawaƙi ya hau littafin. Waɗanda suka yanke irin waɗannan shawarwari sun fahimci cewa jami'a ba ta rage komai daga martabarta ba don ta sunkuya ta gaida wanda ya fi ta isa ga jama'a.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Bambancinmu da wasu ƙasashe shi ne su sun mayar da abin tsari mai ɗorewa, mu kuwa sai an dace da shugaba mai ra'ayi. A Amurka an kafa hukumar tallafa wa ilmomin sanin ɗan Adam a 1965. Daga 1989 hukumar ta fara ba da lambar Charles Frankel musamman ga waɗanda suka kusantar da waɗannan ilmomi ga talakawa, a 1997 kuma aka mayar da ita lambar ƙasa wadda shugaban ƙasa ke rataya wa mutanen da ba su wuce 12 ba a shekara. Cikin waɗanda suka fara karɓa a 1997 akwai Studs Terkel, ma'aikacin rediyo a birnin Chicago, wanda ya shafe shekara 45 yana gabatar da shirin hira, ya kuma cika littattafai da maganganun leburori da direbobi da masu aikin gida a kan sana'arsu da rayuwarsu. A jihohin ƙasar ma an kafa majalisu masu irin wannan aiki, da yawansu kan karrama malamin makaranta ko mai kula da ɗakin karatu ko mai adana tarihin ƙaramin gari. Sai dai akwai darasi na biyu a labarin nasu. A 2025 gwamnatin tarayyar ƙasar ta yanke kuɗin da take ba waɗannan majalisu, har sai da gidauniyar Mellon ta kawo musu ɗauki da Dala miliyan 15. Duk abin da ya dogara da aljihun gwamnati kaɗai, ranar da gwamnati ta juya baya zai girgiza.

Tsarin ƙasar Japan ya fi kusa da buƙatarmu. Bisa dokar kare kayan al'adu da suka kafa a 1950, tun daga 1955 suke zaɓen gwanayen sana'o'in gargajiya da wasanni da kiɗa su ayyana su a matsayin taskar ƙasa mai rai. Wanda aka zaɓa yana samun Yen miliyan 2 duk shekara, da nufin ya ci gaba da aikinsa ya kuma horar da magada. A 1993 hukumar UNESCO ta karɓi shawarar Koriya ta Kudu ta yi kira ga ƙasashe su kafa irin wannan tsari. Hikimar da ke ciki a bayyane take: abin da ke cikin kan mutum ba a adana shi a gidan tarihi, sai dai a kula da mai kan, a kuma sa wani ya zauna kusa da shi ya ɗauka. Mun yi murna da UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, da hawan sallar Kano a 2024. To amma makaɗan da ke riƙe da taken kowane basarake, da masu kirarin da suka haddace jerin sarakuna, da masu ɗinkin kayan doki, wa ya san halin da suke ciki bayan an sauka daga hawa?

Halin da muke ciki

Mai karatu ya dubi yadda ake rabon girma a ƙasar nan a yau. Digirin girmamawa ya koma abin da ake kai wa mai mulki da mai kuɗi, har ta kai shugabannin jami'o'in Nijeriya da kansu suka taru a Keffi a 2012 suka amince da a daina ba masu riƙe da muƙamin gwamnati, abin da ke nuna cewa su ma sun ga ɓarnar. Sarautun gargajiya, waɗanda a da kowace ke da aikin da aka san ta da shi, yanzu an fi naɗa su ga wanda zai iya ɗaukar nauyin bikin. Ƙungiyoyi barkatai kuma sun mayar da lambar yabo sana'a, a buga allo a kai wa mai hali ofis, a ɗauki hoto, a karɓi abin da aka karɓa. Babbar gasar adabi ta ƙasar nan, wadda kamfanin iskar gas na NLNG ya fara a 2004, kyautarta ta kai Dala 100,000, amma rubutun Ingilishi take karɓa. Mai rubutu da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko Nufanci ba ya cikin lissafi.

Masu yi mana hidimar kuwa sai sun mutu muke tunawa da su. Da Kasimu Yero ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, ya rasu a 2023, an cika gidajen rediyo da shafukan sada zumunta da yabo, alhali mutanen nan sun yi shekaru suna koya wa miliyoyin jama'a zaman duniya ta hanyar wasan kwaikwayo, kuma sun daɗe a tsakaninmu bayan sun bar fage. Yabon da aka yi wa mamaci iyalansa ne ke ji. Marubutan da suka sa matan aure da ’yan mata karatun Hausa daga shekarun 1980, mu a jami'a da sunan raini muka fara tarbarsu, muka ce adabin kasuwar Kano. Sai ga shi littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wani kamfanin ɗab'i a ƙasar Indiya ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 2012. Ba a rasa abin yabawa ba, domin gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama, matasa kuma sun ƙirƙiro Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta tun 2015. Amma gasa tana neman sabon rubutu ne, biki kuma na yini guda ne. Har yanzu babu wanda ke neman irin su Inna.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa idan aka dubi makarantunmu. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnati ta sanar da dawo da shi, wato an yaye ɗalibai na shekara 13 ba su san shi a matsayin darasi mai zaman kansa ba. Manufar koyar da yara da harshen uwa da aka amince da ita a 2022, an soke ta a 2025. Duk lokacin da makaranta ta saki wani abu, waɗannan bayin Allah ne ke riƙe shi: malamin zaure da ke karantar da nahawu da waƙoƙin magabata, mai shirin tarihi a rediyo, mai ajiye tsofaffin takardun ajami a adaka, mai ba da hayar littattafai a unguwa, da matashin da ke kwana yana rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa ba da ko sisi ba.

Na san akwai masu cewa a ƙasar da ake fama da yunwa da rashin tsaro, maganar karrama mai tatsuniya maganar ƙoshi ce. Amsata ita ce rikicin gona da na ga an kashe a ƙofar ɗakin Inna, da ya wuce nan da sai an kai shi gaban alƙali, ko ma a zubar da jini. Garin da ya san tarihin zamansa da maƙwabtansa, ya san wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare ko Bakatsine da Bagobiri, ya fi wuyar tunzurawa. Akwai kuma masu cewa duk lambar da aka ƙirƙiro a ƙasar nan siyasa za ta cinye ta. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa tsarin da za a yi ya kamata a gina shi da katangar da za ta hana hakan tun daga farko.

Abin da nake ba da shawara

Da farko, sassan nazarin harsuna da tarihi na jami'o'inmu su haɗa kai da masarautu da gidajen rediyo su kafa karramawa ta shekara-shekara a matakin jiha, domin a jiha ne aka san wanda ke aiki da wanda ke riya. Jama'a su riƙa kawo sunaye ta rediyo, da baki ko a rubuce, domin wanda ya cancanta galibi bai iya cika fom ba. A sa sharaɗi cewa wanda za a karrama yana raye, ba ya riƙe da muƙamin siyasa, kuma babu ko kwabo da zai biya. A kai masa karramawar garinsu a gaban mutanensa, kamar yadda jaji ke komawa gida da malfarta kowa na gani, maimakon a kira shi otal a babban birni ya rasa kuɗin mota.

Na biyu, karramawar ta zo da abin sa wa a baka na kowane wata da kulawa da lafiya, tare da ɗalibi ɗaya ko biyu da za a ɗauki nauyinsu su zauna da shi su koya. Duk abin da aka naɗa daga bakinsa a ajiye shi da sunansa a wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a kuma bar wa iyalinsa kwafi. Kuɗin kuwa a tara shi a matsayin waƙafi daga attajirai da masarautu da tsofaffin ɗalibai, a riƙa cin ribarsa, domin kada canjin gwamnati ya kashe shi. Abin da ake kashewa a bikin naɗin sarauta guda ɗaya zai riƙe dattawa da dama shekara guda.

Na uku, kada a tsaya kan Hausa kaɗai. A jihohin Bauchi da Filato da Gombe da Adamawa da Taraba akwai ƙananan harsuna masu yawa da ke ja da baya, kuma gaskiyar da mu masana Hausa ba mu cika son faɗa ba ita ce Hausa ce ke maye gurbin yawancinsu. Tsohon da ya rage yana riƙe da waƙoƙi da tarihin irin waɗannan al'ummu ya fi kowa cancanta, domin idan ya tafi babu wani a bayansa.

Na huɗu ya shafe mu malaman jami'a kai tsaye, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Mu wajabta wa ɗalibanmu su tambayi duk wanda suka ɗauki ilimi a wurinsa ko yana son a ambaci sunansa, in ya yarda a rubuta shi cikakke tare da garinsu. Mu wajabta musu mayar da kwafin abin da suka naɗa. Mu riƙa gayyato gwanayen nan aji su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Majalisun jami'o'i kuma su dawo da sunnar da Zariya ta kafa, a ware gurbi guda a kowane bikin yaye ɗalibai domin wanda ya yi wa harshe ko tarihi ko adabi hidima a cikin jama'a.

Ni dai na fara da kaina. A bara na kwashe muryar Inna daga rikodata na zuba a katin waya na kai wa jikokinta, muka zauna a ƙofar ɗakin nan muka saurara tare, matan gidan na share hawaye suna dariya a lokaci guda. Na kuma nemi izininsu, idan Allah Ya nufa kundin ya zama littafi, cikakken sunanta zai fito a shafin farko. Na san wannan ihu ne bayan hari, domin wadda ta yi tambayar ba ta nan ta ji amsa. Amma a kowane gari na ƙasar nan akwai irinta da ke raye a yau, kuma mai karatu ya san aƙalla guda a unguwarsu. Yabon gwani ya zama dole, in ji Hausawa, kuma ya fi amfani a yi shi gwanin na ji da kunnensa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda suka rage.